Ciko a Gabas da Gidan Kaumi

Tifa na juye jar ƙasa a filin da ke gabas da gidansa, Malam Kaumi na tsaye a ƙofar zaure, dogare da sanda, yana kallon tudun da ke tashi.

Unguwar gangare ce. Tun kafin kwalta ta iso wannan ɓangare na Potiskum, ta filin nan ruwan sama ke bi ya sauka kwari. Yanzu an yi masa ciko har ƙugun mutum, an ɗora harsashi a kai. Ba sai an gaya wa Kaumi inda ruwan zai koma ba. Katangarsa ta ƙasa ce, kuma ita ce a ƙasa.

Ya tambayi maginin, wani Muhammadu Sani, ko wane ne mai filin.

"Ba a gari yake zaune ba, Baba."

"Ɓarawon gwamnati ke nan. Su ne ke gini a ɓoye."

Daga ranar Kaumi ya mai da zagin magina aikinsa. Ya hana su ɗibar ruwa a rijiyarsa, ya hana su inuwar bishiyar maina da ke ƙofarsa. Duk da haka kowace safiya sai Muhammadu Sani ya durƙusa ya gaishe shi. Wannan ya fi ƙona masa rai, domin a ganinsa raini ne aka lulluɓe da ladabi. Ginin ma haushi yake ba shi. Ba a yi wa ƙofarsa matakala ba, sai wani gangare mai sulɓi, kamar mai gidan ya fi ƙarfin ɗaga ƙafa.

Ruwan farko mai ƙarfi ya zo da hantsi. Ya daki sabon cikon, ya juyo, ya shiga zauren Kaumi, ya wuce tsakar gida har ɗakin matarsa Yagana. Kowace damina suna kwasar ruwa a gidan, amma ba su taɓa ganin irin wannan ba. Kafin la'asar kusurwar katanga ta zube a kan akurkin kaji.

'Yarsu Raudatu, wadda ke aikin jinya a Damaturu, ta bugo waya.

"Baba, don Allah ka yi haƙuri zuwa kaka. Za a gyara."

"Ke kika san za a gyara? Kin koyi bakin masu kuɗi ke nan."

Ya kashe. Bara ma da ta ce su bar gidan ta kama musu haya, cewa ya yi shi ba ya kwana a inuwar 'ya mace. Daga ranar da katangar ta zube kuwa ya daina ɗaukar wayarta.

Ya kai ƙara ofishin tsara gari. A can aka gaya masa abin da ya sa ya fito yana murmushi: ba a cika fili ya zarce tsayin titi yadda aka ga dama, ba a toshe tsohuwar hanyar ruwa, kuma ruwan gidanka ba ya faɗawa gidan maƙwabci. Jami'ai suka zo suka auna, suka shafa jan fenti a bango. Suka ce ko dai a haƙa lambatu ya kewaye ginin, ko a rushe ɓangaren da ke zaune a kan hanyar ruwan.

Lambatun sai ya ci gefen filin Kaumi kafin ya kai titi. Muhammadu Sani ya zo zaure da hularsa a hannu.

"Baba, taku biyu kawai. Wallahi da ka san..."

"Ko faɗin tafin hannu ban bayar ba. Fita."

Mai unguwa ya sa baki, Kaumi ya ce an saye shi. Yagana ta ce Raudatu na ta neman sa a waya, ya ce sai an gama. Ya yi ta sintiri a ofishin, gwiwarsa na kumbura, har aka sa rana. Abu ɗaya ya roƙa, a tilasta wa mai ginin ya zo, yana so ya ga idonsa.

Ranar ya sa farar riga, ya fito da kujera. Katafila ta fara da babban ɗakin da ke kusa da ƙofa, mai tagogi biyu masu kallon titi. Bango ya kwanta, kwano ya lanƙwashe, jar ƙasar ta dare. Muhammadu Sani ya juya baya. Kaumi bai ƙifta ido ba.

Sai ga Keke Napep ya tsaya a bakin layi. Raudatu ta sauko da fararen kayan aikinta, ta tsaya tana kallon ɓaraguzan.

"Kin zo a kan gaɓa," in ji Kaumi. "Zo ki gani. Matsoracin dai ya ƙi zuwa."

Ta matso, ta durƙusa a gefen kujerarsa kamar yadda ta saba, muryarta can ƙasa.

"Ga ni na zo, Baba. Ɗakinka ne suka fara da shi."