Direban Tanka da Tattabarunsa

Ga wani misali, don wanda ya ajiye aiki da sauran ƙarfinsa, ya dawo gida ya rasa inda zai sa kansa.

An yi wani direban tankar mai wanda rabin rayuwarsa a kan titi ya yi ta. Bai kai hamsin ba ciwon baya ya sauko da shi daga mota. Likita ya ce in ya ƙara doguwar tafiya, to a kwance zai ƙarasa. Ya miƙa makulli ya dawo gida. Ashe gidan da ya gina da guminsa bai san shi ba sai a baƙo. Da can in ya dawo daga Kudu da doya da manja, sai a yanka kaza, a share tsakar gida, ya ɗan kwana biyu ya wuce. Yanzu ma haka aka ci gaba da yi masa. In ya yi sallama, yara su haɗiye dariyarsu su sulale ɗaki. Matarsa ta durƙusa ta ajiye abinci, ta ce, "Sannu da hutawa, Alhaji," ta koma madafa, can sai ya jiyo hira ta ɓarke ba da shi ba. Ladabin nan ya fi zagi yi masa ciwo. Sai ya shiga guduwa tasha kullum wajen tsofaffin abokansa. Su kuwa da lokaci ya yi kowa ya ja motarsa, a bar shi da benci da ƙudaje.

Wata rana ya ce a ransa, mutumin da ya sha hawa tudu da tanka cike taf ba zai kasa shiga gidansa ba, ko da rarrafe ne. Ya nemi abin da zai zaunar da shi a tsakar gida. Ya je wajen wani tela, abokinsa tun na ƙuruciya, mai kiwon tattabaru, ya sayi 'yan kaɗan. Ya haɗa musu ɗaki da katako a jikin katanga, ya zuba gero da ruwa, ya kulle, ya tafi tasha abinsa. Da ya ga an kwana biyu sai ya buɗe musu. Suka yi sama, suka kewaya sau ɗaya, suka miƙe sai gidan tela. Ya je ya ɗauko su, ya sake kullewa, ya sake buɗewa, suka sake komawa. Da ya sake zuwa ɗaukarsu, tela ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Direba, fasinjojinka sun dawo fa! Kai da ba ka wuni a gidan, wa suka sani a can? In ba za ka iya zama ba, fige musu fiffike ka huta." Direba ya ce a'a, abin da ya zauna don ya kasa tashi ai bai zauna ba. Ya kwashe su ya koma.

Daga ranar ya yanke zuwa tasha. Ƙafarsa na ƙaiƙayin tafiya, in ya ji ƙugin babbar mota daga titi zuciyarsa ta yi tsalle, amma ya cije. Ya kafa 'yar kujera kusa da ɗakin tattabaru, ya jingina bayan nan mai ciwo da katanga. Da safe ya ba su gero a tafin hannu, su ƙi zuwa, ya bar hannun a miƙe har ya sage. Gobe ma haka. Da yake idonsa na kan tsuntsaye, ba kan mutane ba, sai mutanen gida suka fara mantawa yana nan. A nan ya ji 'yarsa ta fari tana kwaikwayon muryar malamarsu har uwar tana shaƙewa da dariya. A nan ya gane matarsa takan yi 'yar waƙa ƙasa-ƙasa in tana tankaɗe, abin da bai taɓa ji ba tun aurensu. Bai tanka ba, don kada ya kore su. Abokan tasha kuwa, da suka ga shiru, su suka riƙa biyo shi gida in sun sauka, suna tsokanarsa wai an yi ritaya daga tanka an koma gadin tsuntsu. Ya ce ya ji, a zauna a sha shayi.

A hankali tattabaru suka saba da hannunsa, suka yi ƙwai, suka ƙyanƙyashe 'yan shila. Ranar da ya buɗe musu, suka yi sama har suka ɓace masa, ya tsaya da wuya a sanƙare. Can sai ga su sun dawo. Amma ba a kan ɗakinsu suka sauka ba, a kan tabarmar kuɓewar da matarsa ta yanka ta shanya suka dira, suka tattake, suka watsa, suka bar mata kashi a kai. Matar ta fito daga madafa da muciya a hannu, ta ma manta da durƙuso. "Haba Alhaji! Yanka na tun safe! Kai kana zaune kana kallo, kai da tsuntsayen nan naka duk kanku ɗaya! To wallahi yau sai ka tsince min ita tas, in ba haka ba ka ci tuwonka gaya!" Yara suka zuba ido, suna jiran su ga abin da zai faru. Shi kuwa wani daɗi ne ya cika shi har wuya, don ya san ba a yi wa baƙo irin wannan faɗa. Ya dafa bayansa ya durƙusa yana tsince kuɓewa, yana cewa, "To ai sai ki miƙo faranti, ko a hula zan zuba?" Ta wurgo masa farantin tana ci gaba da mita, yara suka fashe da dariya a gabansa.

Dama Hausawa sun ce, zo mu zauna, zo mu saɓa.