Ranar da Aka Ce Ninuk Ta Daina Zuwa

Bu Karsih, wato Malama Karsih a yarensu, ta shiga ofishin mai unguwa. Shekara biyar ke nan tana jagorantar ƙungiyar masu ɗauke da cutar ƙanjamau a garinsu da ke tsakiyar tsibirin Java, kuma a zauren unguwa suke taro duk Asabar. Saura wata biyu zaɓe mai unguwar, Pak Darmaji, ya aika a kira ta.

"Kin ga fastocin da aka manna a gari, Bu?" ya tambaye ta.

Ta gani. Wani ɗan takara ne ya yi alkawarin raba garin da waria, mutanen da aka haifa maza amma suke rayuwarsu a matsayin mata. Yaransa sun riga sun farfasa shagunan gyaran gashi biyu.

"Akwai ɗaya a cikinku, wancan mai shagon. Ko ya daina zuwa, ko ku nemi wani wuri. Ba za a ƙone mini zaure ba."

Ninuk yake nufi, waria mai shagon gyaran gashi. Ita ce ta tsinci Karsih a bakin asibiti tana kuka ranar da aka gaya mata sakamakon gwajinta, wata ɗaya bayan rasuwar mijinta. Ta zauna da ita a kan dakali, ta fito da nata maganin daga jaka ta nuna mata, ta ce, "Dube ni da kyau. Na yi miki kama da gawa?"

Da Asabar ta zo, Karsih ta tara mutane kafin Ninuk ta iso, ta gaya musu abin da mai unguwa ya ce, ta kawo shawarar Ninuk ta daina zuwa.

"Mu talatin ne, ita ɗaya," in ji Sugeng ɗan acaɓa. "Matata ma ba ta so a san ina zuwa nan, balle a ga hotona a waya kusa da mai jan baki."

Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Ba wanda ya ce a'a.

Karsih da kanta ta kai saƙon shago. Ninuk na ganinta ta ɗaga almakashi.

"Bu, wannan kan naki ai kaza ma sai ta yi ƙwai a ciki. Zauna!"

"Ba gyara na zo yi ba, Mbak," in ji Karsih. Mbak na nufin yaya a yarensu.

Ta faɗi abin da ya kawo ta, idonta a ƙasa. Ninuk ta ajiye almakashin a hankali.

"Taron Asabar na haƙura. Ranar karɓar magani fa? Kin san yaran nan a ƙofar asibiti suke tsayawa da wayoyinsu. Cikinku nake shigewa."

"Wata biyu ne kawai. In an gama zaɓe komai zai lafa."

"To, Bu. Allah ya kai mu."

Ranar karɓar magani Ninuk ta tafi ita kaɗai. Kafin la'asar bidiyon ya zaga gari. Karsih ta kalla a wayar maƙwabciyarta: an fizge ɗankwalin Ninuk, wani ya ɗaga katinta na asibiti yana karantawa da ƙarfi, sauran suna ihu. Mai gadi yana tsaye yana kallo. Cikin mako guda mai haya ya kore ta daga shagon.

Sau biyu Ninuk ta kira. Duka biyun Karsih tana cikin mutane, sai ta kife wayar a cinyarta har ta gama ƙara. Ta ce a ranta gobe za ta neme ta. Aka yi zaɓe, ɗan takarar ya ci, abin bai lafa ba, ita ma ba ta neme ta ba.

Bayan wata bakwai wata ma'aikaciyar jinya ta kira ta daga babban asibiti.

"Akwai wani mara lafiya a ɗakin maza, Sutrisno. Lambarki ya bayar."

"Ban san wani Sutrisno ba."

"Ya ce a ce miki Ninuk."

Sau biyu Karsih ta wuce gadon ba ta gane ta ba. An aske mata kai, an sa mata rigar maza, ta rame har ƙasusuwan wuyanta sun fito. Likita ya ce tarin fuka ne ya ci huhunta, domin tun ranar bidiyon ba ta sake taka ƙofar asibiti ba.

"Mbak, me ya sa ba ki aiko ba? Da na karɓo miki maganin!"

"Na kira, Bu."

Karsih ta durƙusa gefen gadon. Ninuk ta yi tari mai tsawo, sannan ta tambaya da ƙyar, "Sugeng yana shan nasa a kan lokaci? Mantuwa gare shi."

Kwana uku bayan nan ta rasu. Danginta ba su zo ba. Mutum shida ne suka raka ta makabarta.

Mai karatu, cuta ba ta tambayar ko kai wane ne kafin ta kama ka, don haka kada mu tambaya kafin mu taimaka. Idan 'yan siyasa suka nuna wani da yatsa, lokacin ne ya fi bukatar waɗanda suka san zafin ciwonsa. Yin shiru a irin wannan rana na iya raba mutum da maganinsa, ya raba shi da ransa.