Yatsu Biyu na Kyaftin Segaran

Saura maki biyu 'yan Ipoh su lashe wasan kurket ɗin. 'Yan Taiping kuwa mutum ɗaya ya rage su fitar. Matsalar ita ce mutumin nan Boon Hock ne, ƙato, wanda tun azahar yake jibgar ƙwallo kamar ta zagar masa uwa.

Kyaftin Segaran na tsaye a tsakiyar fili, hannu a ƙugu. Shekararsa hamsin da huɗu, sha bakwai daga ciki yana jan ragamar ƙungiyar Taiping. Tumbi ya riga shi gaba, gwiwa ta gaji, amma har yanzu in ya ɗaga gira 'yan wasa sai su nutsu. Ba ya ihu. Da hannu yake jera mutanensa, ya nuna nan, ya nuna can, kowa ya tafi inda aka sa shi.

Ranar Alhamis shugaban ƙungiya, Alhaji Mokhtar, ya kira shi gefe.

"Kyaftin, shekara uku ba kofi. In aka sha kashi ran Lahadi, Harbans za mu ba."

Harbans ɗin ma ya ji labari. Saurayi ne dogo mai shuɗin rawani, ga gudu, ga karatun wasa a littafi, kuma ranar wasan tun safe yake tafiya kamar an riga an naɗa shi.

Taiping garin ruwa ne, amma ranar nan sama ta ƙi ko ɗigo. Rana ta gasa fili. Ruwan gorar 'yan wasa ya ƙare tun kafin la'asar, leɓen Segaran ya bushe har ya fara tsagewa.

Duk wanda ya san kurket ya san abin yi in saura maki biyu: a jawo kowa kusa, a kewaye mai duka, kada ya sami kafar gudu. Haka Segaran ya yi. Boon Hock ya dubi da'irar, ya yi dariya.

"Kawu, ka tara mini su ne mu yi hoto? Ka je ka zauna, kafin gwiwar nan ta kai ƙararka."

Can bayan igiyar iyaka, gindin babbar bishiya, 'yan kallo sun fara naɗe tabarmi, masu talla suna ɗaure kaya a babur. Kowa ya san an gama.

Zulkifli mai jifa ya koma inda yake faro gudu, yana goga ƙwallo a wando. Sai aka ga Kyaftin ya ɗaga hannu sama, yana kaɗawa wajen bishiyar.

Harbans ne a tsaye ta wannan ɓangaren. Ya nuna ƙirjinsa. Ni?

Segaran ya ƙara kaɗa hannu, da ƙarfi, fuska a murtuke.

"Tsohon nan ya zautu," in ji Harbans ƙasa-ƙasa. Amma kyaftin kyaftin ne. Ya ja da baya, ya ja, ya ja, har ya kusa taka igiya. Gurbin da ya bari sai a tura mota ta wuce.

Segaran ya leƙa ta gefe, ya ɗaga yatsu biyu. Harbans ya yi tsaki, ya matsa taku biyu hagu.

A rumfa Alhaji Mokhtar ya cire hula ya rufe fuska.

Zulkifli ya taho ya saki ƙwallo. Da Boon Hock ya ɗan taɓa ta cikin gurbin nan, da an tashi. Amma dariyar da ya yi ba ta bar shi ba, so yake ya gama da kyau. Ya zage ya maka ta sama.

Ta yi ta tafiya. Ta wuce kan kowa, ta nufi bishiya, sannan ta fara saukowa. Harbans bai ɗaga ƙafa ba. Hannu kawai ya buɗe, ta faɗo ciki. Da cafewar nan Boon Hock ya fita, Taiping ta ci wasa.

Fili ya kaure. Waɗanda suka naɗe tabarmi suka watsar. Aka so a ɗaga Segaran sama, mutum huɗu suka gwada, suka haƙura.

A rumfa Harbans ya zo ya durƙusa.

"Yaya, ka yafe mini. Har taku biyun nan! Ban isa ba tukuna."

"Wa ya ce za a canja kyaftin?" in ji Alhaji Mokhtar, yana mayar da hula. "A nuna mini shi."

Aka ce sai Kyaftin ya yi jawabi. Segaran ya daɗe yana kallon ƙasa, ya gyara murya, muryar a bushe.

"Shugabanci ba ihu ba ne. In abu ya matse, kowa ƙwallo yake kallo. Shugaba shi ne mai kallon abin da wasu ba su gani ba. Ya san abin da yake so, ya ɗaga hannu tun bai wuce shi ba."

Aka yi tafi. Zulkifli har da rubutawa a bayan hularsa.

Ana cikin tafin sai ga Mamu Kader mai tallan cendol, abin sha mai sanyi, ya kutso da faranti, ƙanƙara da madarar kwakwa na zuba ta gefe. Ya dire a gaban Segaran.

"Kyaftin, ka ci sa'a na waiwayo, da na riga na tayar da babur. Ga kwano biyun da ka nuna mini da yatsu, amma gobe ka ce wa dogon nan mai rawani ya daina shiga tsakaninmu in kana kirana."