Batirin Motar Ɗanlami

Ja ga ja, baƙi ga baƙi. Haka mai shago a Maraɗi ya koya masa, haka kuma Ɗanlami ya maƙala wayoyin a kan batirin tsohuwar Fijo ɗinsa, ya ɗora farantin hasken rana a kan rumfar da motar take ƙarƙashi.

Motar ba ta fita sai dole. Tun da idonsa ya fara hazo ya bar jigilar Jibiya, ya ajiye ta bayan rumbu, a gidansa da ke can ƙarshen Madarumfa, inda rairayi ke haɗiye taya. Mota kuwa in ta zauna, batir ke fara mutuwa. Wannan karatu ya biya shi da tsada. Shekara goma sha tara da suka wuce, ranar da naƙuda ta zo wa matarsa Saratu da gardama, ya murɗa mabuɗi bai ji komai ba sai ƙas. Kafin a tara masu turi, a kai Maraɗi, jini ya gama aikinsa. Jaririyar ta rayu.

Ita ce Bushira, wadda ta dawo gida goyon ciki a wannan damina ta 1996. 'Yar fari ce, don haka Ɗanlami ba ya kiran sunanta, ba ya zama inda take, balle ya yi mata zancen ciki ko na uwarta. Ƙanwarsa Hauwa, wadda ta raine ta, ita ya aika ta miƙa mata akwatin Saratu da ba a taɓa buɗewa ba. Sauran abin da ke ransa sai ya zuba wa mota.

Ranar da ya gama haɗin, ya ɗaga murya yana yi wa Hauwa bayani, amma da Bushira da ke cikin ɗaki yake.

"Kin ga wannan? Muddin akwai rana, wutar motar nan ba ta ƙarewa."

Cika baki ne irin na tsofaffin direbobi. Mai shago cewa ya yi farantin ɗiga yake yi kamar randa mai tsaga, ya riƙe batir dai kada ya mutu.

Sati biyu yana tada motar kowace Juma'a, tana amsawa tangaram. A na uku sai da ta yi nishi. Ya ce hadari ne ke tare rana. Sai dai mabuɗin da yake ratayewa a ƙusar zaure, yanzu yakan same shi a juye.

Wata Talata ciwon kai ya dawo da shi daga bakin tafki kafin azahar. Gida shiru, Hauwa tana gona, labulen ɗakin Bushira a sake. Yana kusa da rumbu ya ji magana ƙasa-ƙasa daga wajen motar.

"Malam, kwanakin sun matso. Ka dawo da wuri. Kuma don Allah ka duba motar nan."

Muryar Saratu ce. Ko a cikin mata dubu ba zai ɓata wannan murya ba, da ɗan tarin da take yi kafin ta roƙi abu. Kuma bai taɓa jin waɗannan kalmomi a bakinta ba, don a watan ƙarshe na cikinta yana Ikko, sai ana gobe haihuwa ya iso. Ɗanlami, wanda ya kwana daji da 'yan fashi bai girgiza ba, ya juya da baya ya fita, bai tsaya ba sai masallaci.

Bai gaya wa kowa ba. Wa zai gaya wa? Ya yi sadakar waina, ya sa aka yi sauka, ya daina dawowa gida sai la'asar. Motar kuwa ko kallonta ba ya yi. Daga nesa yake hango farantin yana ƙyalli a kan rumfa, ya ce ai yana aikinsa. Juma'a uku suka wuce ba a tada ta ba.

Abin da ya ƙara karya masa zuciya, wata safiya ya ji Bushira tana shara tana wata waƙar niƙa ta mutanen Gabi, garin su Saratu. Saratu kaɗai ya sani da ita. Hauwa ba ta iya ba. Ya zauna a zaure hawaye na bin gemunsa, yana roƙon Allah kada matacciya ta zo ɗaukar abin da ta bari.

Naƙudar ta zo da hantsi, ranar da kowa ya tafi gona maimai. Ungozoma ta fito tana goge hannu, ta ce wannan ba tata ba ce, sai Maraɗi, yanzu yanzu. Ita da Hauwa suka kwantar da Bushira a kujerar baya. Ɗanlami ya cire wayoyin, baƙi sannan ja, ya shiga da bismilla, ya murɗa mabuɗi.

Ƙas.

Ya sake. Ƙas. Sai ga muryar nan daga gabansa, tana ja, tana kauri kamar mai nutsewa a ruwa: "...ka duba... motar... nan..." Ta yi shiru.

Daga baya, Bushira ta kama wuyan rigarsa, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka haife ta.

"Baba, kaset ɗin Inna ne, wanda ba ta samu aiko maka ba. A akwatinta na gani. Kullum in kun fita nake zuwa in sa shi a rediyon motar in ji muryarta. Ba kai ka ce wutar ba ta ƙarewa ba?"