Naman Kazar Halimatu

Sharif ya tsuguna a dajin Bukit Dinding, can ƙasar waje inda yake karatu, sauro na cin wuyansa, cajin wayarsa saura ƙiris. Ya sake gwada naman kazar da ya tsinko da hoton littafinsu na ilimin tsirrai. Rawaya ne, bakinsa kamar mazurari, jijiyoyinsa sun gangara har kara. Ya tsaga shi, ciki fari fat. Amma akwai mai dafi da ke kama da shi, ga matarsa Halimatu da cikin wata huɗu, kwana biyu ba abin da ya zauna mata.

Ya koma gida a unguwar Wangsa Maju ya soya, ya fara ci da kansa. Awa uku yana safa da marwa a falo, yana shafa ciki. Da ya ga bai mutu ba, ya kai mata.

Ta leƙa farantin. "Baban Zahra, wannan ba laimar kwaɗi ba ce?"

"Ba ke kika ce naman kaza kike marmari ba?"

"Mai fuka-fuki nake nufi. Ga shagon mamak, masu sayar da soyayyar kaza, a ƙasan benenmu, tun safe ƙamshinta ke damuna."