Abin da Malam Tanimu Ya Kawo a Gwangwani

Shekara tara ke nan da kafa turakun kashe ƙwari a iyakokin gonaki, kuma doka ta ce duk gonar da aka ga ƙwaro mai rai a cikinta, ƙone ta za a yi. Dakta Uwani, wadda ta yi shekara talatin tana nazarin ƙwarin wake, yanzu aikinta sa hannu a takardar ƙonawa.

Da hantsi wani manomi, Malam Tanimu, ya shigo ofishinta da gwangwanin madara a aljihu. A bayan kunnensa akwai gashin kaza, irin wanda manoma ke shafa wa furanni da shi tun da aka rasa ƙwarin da ke yi musu barbara.

"Dakta, a furen kabewata na same shi," ya ce.

Ta ɗaga murfin kaɗan. Ƙudan zuma ne, ƙafafunsa sun yi ruwan ɗorawa da garin fure. Ta daɗe tana sauraron kukansa.

"Malam, ka san idan na rubuta, gonarka ta tafi?"

"Na sani. Shi ya sa ban kai wa masu turaku ba."

Ta jawo takardar, ta rubuta: ba a ga komai ba. Sannan ta miƙa masa gwangwanin.

"Mayar da shi inda ka ɗauko. Gobe kada ka taɓa furannin kunyar da ka same shi."

"To wa zai shafa musu?"

"Mai aikin ya dawo," in ji ta.