Teburi Mai Gajeriyar Ƙafa

Na faɗa wa tsohuwar da ke sayar da teburin adireshina a waya.

"Ɗakin ƙarshe, kusa da famfo?" ta tambaya.

"Eh, Mama. Kin san gidan ne?"

"Ni zan kawo miki shi da kaina."

A intanet na ga tallar: teburin katako a rabin kuɗi, ƙafa ɗaya ta gaza sauran tsawo. Ban damu ba, don daɓen ɗakin da na kama ma a karkace yake. Duk teburin da na ɗora wa keken ɗinkina rawa yake yi, ɗinki ya karkace, har masu kawo aiki sun fara guduna. Na ce kwali zan cusa a ƙarƙashin gajeriyar ƙafar. Hoton ƙafar ne ya tsaya mini a rai. Ba karyewa ta yi ba, da zarto aka yanke ta tsaf. Wa zai nakasa teburi da gangan?

Washegari ta iso da 'yan dako, ta wuce gabana har ɗakin ba tare da na nuna mata ba.

"Ku juya shi," ta ce musu. "Gajeriyar ta bakin taga."

Suka sauke. Na girgiza shi da hannu biyu, ko motsi bai yi ba.

"Marigayi maigidana ya yanke ta saboda wannan daɓen," ta ce. "Shekara tara yana rawa a gidan ɗana."

Ta shafa samansa, ta daɗe tana kallon tagar.

"Ni ma haka nake a can, 'yata."